Gida Ɗaya, Ɗakuna 23: Wa Zai Riƙe Makullin Asusun Sabon Birni Da Isa?

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya, mahawara ba ta wuce kan kuɗin ba: wa zai karɓa, a wane banki, kuma yaushe gwamnoni za su saki asusun haɗin gwiwa. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, wannan kowa ya sani. Amma akwai wata tambaya da har yau ban ji an yi ta a zauren majalisa ko a gidan rediyo ba. Idan kuɗin suka iso, a wane littafi za a rubuta su, kuma a ina littafin zai riƙa kwana?

Littafin ma'aji na yau ba wannan ƙaton kundi mai jan bango ba ne da iyayenmu suka sani a baitulmali. Manhaja ce ta kwamfuta, wadda ke haɗa albashi da kasafin kuɗi da harajin kasuwa da kwangiloli da fansho wuri guda, ta yadda duk kwabon da ya fita ta wata ƙofa sai an ga sawunsa ta wata. Kamfanoni irin su SAP na Jamus da Oracle na Amurka sun yi arziki ne da sayar wa manyan ma'aikatu irin wannan manhaja. Ita kuwa ba ta zama a wayar hannu ko kwamfutar tebur. Tana buƙatar babbar na'urar nan da ake kira uwar garke, wadda ba ta barci dare da rana, sauran ƙananan kwamfutoci suna zuwa ɗibar bayanai a wurinta. Amsar inda za a ajiye wannan na'ura a Ikeja ko Fagge daban take da amsarta a Sabon Birni da Isa, inda wuta da hanya da layin waya duk ba su da tabbas. Shi ya sa na ɗauki waɗannan ƙananan hukumomi biyu na gabashin Sakkwato a matsayin ma'auni. Tsarin da ya yi aiki a can zai yi a ko'ina.

Na san shawarar da za ta fara isowa teburin shugabannin ƙananan hukumomi, domin ita 'yan kwangila suka fi so: a saya wa kowace sakatariya uwar garkenta, a yi bikin ƙaddamarwa, a yanka kyalle. Na taɓa shiga wani ofishin gwamnati da aka yi wa irin wannan gata. Na tarar da na'urar a kusurwa an lulluɓe ta da zane saboda ƙura, batirin da ke riƙe mata wuta ya daɗe da mutuwa, kuma wanda ya san kalmar sirrinta an yi masa canjin wurin aiki. Ba sakacin mutanen ofishin ba ne. Na'urar tana son ɗaki mai sanyin da bai wuce digiri 18 zuwa 27 ba, mu kuwa a Afrilu zafinmu kan haura 40. Ƙurar hunturu maƙiyiyarta ce, yawan ɗauke wuta kuma yana lalata bayanan da take cikin rubutawa. Wanda ya manta, ya tuna Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. Bayan duk wannan, aikin ƙaramar hukuma guda bai kai ya gajiyar da na'urar ba. Kafin dabarar da zan yi bayani ta yaɗu, an sha ƙiyasta cewa yawancin irin waɗannan na'urori ba sa amfani da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ƙarfinsu. Kamar mutum ne ya sayi tirela don kai buhu biyu kasuwa.

Dabarar ita ce a raba na'ura ɗaya ta zama kamar na'urori da yawa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin haka gidanmu na gargajiya yake: zaure ɗaya, rijiya ɗaya, amma kowane magidanci da sashensa, kowa da tukunyarsa, ba mai leƙa ɗakin wani. A cikin uwar garke akwai wata siririyar manhaja da ke zama tsakanin ƙarfen na'urar da sauran manhajoji. Ni ina kiranta sarkin gida idan ina koyarwa. Aikinta ta yanka ƙwaƙwalwar na'urar da ma'adanarta da hanyar sadarwarta kashi-kashi, ta ba kowane ɗaki rabonsa, ta kuma sa wanda ke cikin ɗakin ya ɗauka shi kaɗai ne a gidan. Ɗakin da ke lissafin albashin Isa bai san akwai na Sabon Birni a gefensa ba. In ɗaya ya rikice, sai a rufe shi a sake buɗewa, maƙwabcinsa bai ji ko motsi ba. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, tunda ɗakin ba na ƙarfe ba ne, tarin bayanai ne kawai, ana iya kwafe shi, a ajiye hotonsa na jiya, ko a ɗauke shi daga wannan na'ura zuwa waccan yana cikin aiki.

Ɗalibaina kan ɗauka abin sabo ne. Tsohuwar zuma ce. Kamfanin IBM ya fara gwada shi a ƙarshen shekarun 1960, ya fitar da VM/370 kasuwa a 1972, sannan a 1988 ya kawo tsarin yanka manyan injinansa gida-gida tun daga cikin ƙarfen. Kamfanin VMware da aka kafa a 1998 shi ya sauko da dabarar kan na'urori masu rahusa. Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fitar da Xen a 2003, KVM ya shiga cikin Linux a 2007, Microsoft ya biyo baya da Hyper-V a 2008. Abin nan da ake ce wa ajiya a gajimare, wanda Amazon ya fara bayar da hayarsa a 2006, ba komai ba ne illa wannan: gidan haya na wani, a wata ƙasa, ka kama ɗaki kana biya da dala.

Rabon iri biyu ne, kuma bambancinsu zai dawo mana a maganar kuɗi. Akwai rabon katanga, inda ake ware wa kowane sashe nasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ko yana aiki da su ko ba ya yi, ba mai taɓa masa. Akwai kuma rabon zana, inda sarkin gida ke matsar da iyaka gwargwadon buƙata, ya ɗebo daga wanda ke hutawa ya ƙara wa wanda aiki ya yi wa yawa. Zana ta fi tattali. Sai dai tana da aibi: idan kowa ya taso lokaci ɗaya, rijiyar ba ta isa. Ƙananan hukumomi kuwa duk a mako ɗaya suke lissafin albashi. Mai tsara gidan da ya auna shi da zirga-zirgar tsakiyar wata, ranar 25 ga wata zai gane kurensa. 'Yan Najeriya sun ɗanɗana makamancin haka a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da jama'a suka yi caa a kan manhajojin bankuna, turawa ta riƙa maƙalewa, kuɗi su fita daga asusu ba su isa inda aka tura su ba.

A lissafin fasaha zalla, ƙananan hukumomin Sakkwato 23 ba sa buƙatar na'urori 23. Uku ko huɗu masu ƙarfi, a ɗaki ɗaya mai sanyi da wutar rana da janareta da ma'aikatan da suka san aiki, sun ishe su, kowace da ɗakinta. Wannan shi ne ra'ayina. Amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan sun fi ra'ayin muhimmanci.

Mu fara da tarkon da ba a gani sai an faɗa, wato lasisi. Manyan manhajojin nan ba a sayar da su da kai ɗaya kamar rago. Da yawansu ana biya ne gwargwadon yawan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da manhajar ke gudana a kansu. To, a gidan da aka raba, wanne za a ƙirga, ɗakin ko gidan duka? Matsayin Oracle a rubuce yake: yana amincewa da wasu nau'o'in rabon katanga, amma rabon zana irin na VMware bai ɗauke shi a matsayin iyaka ba. Ma'ana, ko da ɗaki ɗaya ka kama, zai iya neman ka biya kuɗin gidan baki ɗaya, tunda manhajar tana iya ƙaura zuwa kowane lungu. Bari mu buga misali. Farashin da kamfanin ya wallafa na babban rumbun bayanansa dala 47,500 ne kan kowane lasisi, kuma a na'urorin Intel da AMD ƙwaya biyu ke cin lasisi ɗaya. Idan aikinka na buƙatar ƙwaya 8, lasisi 4 ke nan, dala 190,000. Idan kuwa ka ɗora shi a kan na'urori uku masu ƙwaya 32 kowace, aka ce a ƙirga duka, ƙwaya 96 ke nan, lasisi 48, dala miliyan 2 da dubu 280. Ga kuma kashi 22 cikin ɗari na kuɗin kulawa kowace shekara. Lauyoyi a Turai da Amurka suna jayayya kan ko wannan matsayi ya hau kan mai saye in ba a sa shi cikin yarjejeniya ba, har kamfanin Mars mai yin cakulan ya kai Oracle kotu a 2015 kan binciken lasisi. Mars na da lauyoyin da zai ja da su. Ma'ajin ƙaramar hukumar Isa ba shi da su.

Shi ma sarkin gidan ba kyauta yake aiki ba. A Nuwamban 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, bai yi wata biyu ba ya daina sayar da lasisin dindindin, ya mai da kowa ɗan haya mai biya shekara-shekara. Ƙungiyoyin masu amfani da shi a Turai sun yi ta kukan tsadar da ta biyo baya. Mu namu ya zo da ƙari, domin a tsakanin Yunin 2023 da farkon 2024 dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500. Duk yarjejeniyar da aka ƙulla da dala, ta ninka uku ba tare da an ƙara ko waya ɗaya ba. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa ƙaramar hukuma ta fara da waɗannan manya ba. Akwai KVM da Proxmox na raba na'ura, akwai PostgreSQL na rumbun bayanai, akwai ERPNext da Odoo na lissafin ma'aikata da kuɗi, duk buɗaɗɗu ne, ana iya amfani da su ba tare da biyan lasisin kowace ƙwaya ba. Kada a ji na ce buɗaɗɗu a ɗauka ba kashe kuɗi. Abin da ba ka biya kamfani ba za ka biya ƙwararru. Bambancin shi ne waɗannan ƙwararrun da Naira za a biya su, kuma 'ya'yanmu ne.

A harshen masu wannan fasaha, na'urar da aka raba sunanta mai masauki, ɗakunan da ke cikinta kuwa baƙi. Duk lokacin da na zo wannan gaɓa a aji sai Alƙalawa ta faɗo mini a rai, Gobirawa su yi mini afuwa. Labarin da aka gada ya nuna cewa baƙunta Gobirawa suka zo ƙasar Zamfara, aka ba su wurin zama a bakin Gulbin Rima, a gonar alƙali, inda sunan garin ya samo asali. Suka zauna, suka yi ƙarfi, har a tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarkin Gobir Babari, suka ci Birnin Zamfara, baƙo ya zama mai gida. Babban abin da masu tsaron kwamfuta ke tsoro ke nan: baƙo ya huda bangon ɗakinsa ya kama sarkin gida, daga nan duk ɗakunan sun zama nasa. Ba tatsuniya ba ce. A Janairun 2018 aka bayyana wasu kurakurai biyu, Meltdown da Spectre, a cikin ƙirar ƙwaƙwalwar kwamfutocin zamani, waɗanda ke iya ba wani shiri damar leƙen abin da ba nasa ba. A Fabrairun 2023 kuma masu garkuwa da bayanai suka afka wa dubban na'urorin VMware da ba a sabunta ba a faɗin duniya, suka kulle su suna neman fansa. Mutanen gabashin Sakkwato ba sa buƙatar a fassara musu kalmar fansa. Maganin ba sihiri ba ne: a riƙa toshe ɓaraka da zarar an sanar da ita, kada a bar ƙofar sarkin gida a buɗe ga intanet, kuma kada a haɗa ɗakin albashi da ɗakin da kowa ke shiga a layi ɗaya.

Alƙalawa ta sake koya mana wani abu. Birni ne da ya tara sarauta da dukiya da mayaƙa cikin ganuwa ɗaya, kuma da ganuwar ta faɗi a Oktoban 1808 hannun rundunar Muhammadu Bello, aka kashe Sarki Yunfa, komai ya tafi rana ɗaya. Gobir ta rayu ne saboda ta sake tsiro a wasu wurare, a Tsibiri da ke Nijar a yau, da kuma Sabon Birnin Ɗan Halima. Tara ɗakuna 23 a gida ɗaya yana nufin gobara ɗaya ta isa. A Maris na 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne masu ajiye kwafinsu a harabar da ta ƙone. Don haka dole a sami gida na biyu nesa da na farko. Kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone yana da cibiyoyi a Abuja da Kano, Legas kuma na da na 'yan kasuwa irin su Rack Centre. Sannan kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ni ban ɗauke shi kwafi ba. A riƙa gwadawa, ko da sau biyu a shekara, a gaban mai binciken kuɗi.

Yanzu ga inda Sabon Birni da Isa suka bambanta da kowa. Gida a Sakkwato ba shi da amfani ga akawun da ba shi da hanyar isa gare shi. A Satumban 2021, bayan an rufe layukan waya a Zamfara, gwamnatin Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal ta sa an katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 don yaƙi da 'yan bindiga, Isa da Sabon Birni suna ciki. Masu sana'ar POS suka nannaɗe tabarma, mutanen bakin iyaka suka koma neman sabis na Nijar don su ji muryar 'yan uwa. Ko ba a rufe da gangan ba, turakun sadarwa a yankin da ba tsaro kan mutu saboda an kasa kai musu man dizal. Hatta Legas ba ta tsira ba: ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta ba abokan hulɗa haƙuri. Manhajar da aka ƙera don ofishin Farankfot tana ɗauka layi ba ya yankewa. Wadda za ta yi aiki a Gatawa ko Bafarawa dole ta iya karɓar harajin kasuwa da rajistar ma'aikata ba tare da layi ba, ta riƙe su a ƙaramar na'ura mai aiki da hasken rana, in sabis ya dawo ta miƙa su ga uwar garke. Dabarar rabon tana taimakawa a nan ma, tunda ana iya ɗora ƙaramin kwafin ɗakin a na'urar da ba ta fi akwatin rediyo girma ba. Duk ɗan kwangilar da ya zo talla, a cire masa wayar intanet a ce ya ci gaba da nuni. A nan za a san ko ya taɓa bin hanyar Goronyo.

Sharaɗin da ya fi damuna ba na fasaha ba ne. Wanda ke riƙe da sarkin gida yana iya buɗe kowane ɗaki, ya kwafe shi, ya rage masa ƙarfi, ko ya rufe shi ɗungurungum. Idan aka gina gidan a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi ta jiha, makulli yana aljihun jami'in da kwamishina ya naɗa, to asusun haɗin gwiwar da Kotun Ƙoli ta kora ta ƙofa ya dawo ta taga, wannan karon ba tare da takardar da za a kai kotu ba. Ana iya cusa sunan ma'aikacin bogi daga sama, ana iya jinkirta albashin ƙaramar hukumar da shugabanta ya yi taurin kai, a ce na'ura ce ta samu matsala. Mu malaman jami'a mun ga irin wannan ja-in-ja a matakin tarayya. Taƙaddamar ASUU da gwamnati kan tsarin albashi na IPPIS, wadda ke cikin dalilan yajin aikin wata tara na 2020, a gindinta tambaya ce ta wa ke da ikon sa suna da cire suna, majalisar gudanarwar jami'a ko wani ofishi a Abuja. Sai a Disamban 2023 majalisar zartarwa ta amince a fitar da manyan makarantu daga tsarin.

Ana iya raba wannan iko, kuma fasahar ta ba da dama. Bayanan kowace ƙaramar hukuma a kulle su da makullin sirri da ke hannun ma'ajinta, ta yadda mai kula da gidan zai iya share tsakar gida da gyara rufi amma ba zai karanta abin da ke cikin akwati ba. Duk wanda ya taɓa wani ɗaki, na'ura ta rubuta sunansa da lokaci a wani kundin da shi ba ya iya gogewa, kwafinsa na zuwa ga Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi. Hukumar da za ta kula da gidan ta kasance ta ƙananan hukumomin ce da kansu, da kujerar ƙungiyar ma'aikatansu ta NULGE, tunda albashin mambobinta ne a ciki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta riga ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, kuma jerin sunayen ma'aikata da albashinsu da lambobin wayarsu, a yankin da ake sace mutum don abin da ake zaton yana da shi, ba ƙaramin sirri ba ne.

Sai haƙƙin tashi. A rubuta a yarjejeniya cewa duk ranar da Sabon Birni ta ga zaman bai yi mata ba, za a miƙa mata ɗakinta cikakke, a sigar da wata na'ura za ta iya buɗewa, cikin kwanakin da aka ƙayyade, ba tare da tara ba. A fasahance wannan aikin yini ɗaya ne. Abin da ke mai da shi shekara shi ne rashin rubuta shi tun farko.

Masu aikin kuma suna nan. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da kwalejojin kimiyya suna yaye masu digiri da difloma a ilimin kwamfuta kowace shekara, da yawansu 'yan waɗannan garuruwa ne, wasu suna zaune a rumfunan cajin waya. Tsohuwar kwamfuta ɗaya da manhajar Proxmox ta ishi ɗalibi ya koyi yanka na'ura, ya kashe ɗaki ya tayar, ya gwada dawo da kwafi, a cikin zangon karatu ɗaya. Idan kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki biyu daga cikinsu tun kafin a sa hannu a kan kowace kwangila, mutum 46 ke nan, kuma su ya kamata su zauna gefen ma'aji ranar da ɗan kwangila zai buɗe jakarsa.